Amsa ga mai tambaya kan sa hannun miji kafin a yi wa mace tiyatar haihuwa

Ƙanwata, na karanta tambayarki, inda kika ce ke sabuwar ungozoma ce, kuma kina son sanin abin da ya rataya a wuyanki idan likita ya ce sai an yi wa mai naƙuda tiyata, alhali mijinta ba ya nan ko ya ƙi sa hannu. Na daɗe a ɗakin haihuwa, kuma wannan matsala ta sha hana ni barci.

A dokar Najeriya, izinin yi wa babban mutum mai cikakken hankali aiki a jikinsa yana hannunsa ne, mace ko namiji. Al'adarmu ta girmama miji, kuma ni ma ina aikawa a nemo shi a yi masa bayani cikin mutunci, domin shi zai ɗauki nauyin jinya, gidansa kuma za ta koma. Amma sa hannunsa ba ya maye gurbin nata. Sashe na 23 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya wajabta a sanar da majinyaci halin da yake ciki, da hanyoyin magani, da amfaninsu da haɗarinsu da kuɗinsu, cikin harshen da yake ji. Saboda haka miƙa wa matar da ba ta yi boko ba takardar Turanci a ce ta dangwala yatsa ba neman izini ba ne, ko da takardar ta shiga fayil.

Wani dare aka kawo mana wata mata daga ƙauye, kwana biyu tana naƙuda, leɓɓanta sun bushe, bugun zuciyar jaririn kuma yana raguwa. Mijin ya tafi fatauci, wayarsa ba ta shiga, surukarta kuwa ta kafe cewa a danginsu ba a taɓa yanka mace don haihuwa ba. Na durƙusa kusa da kanta na faɗa mata da Hausa cewa ƙugunta ya yi wa kan yaron kaɗan, kuma jinkiri na iya sa mahaifa ta fashe ko ta gamu da yoyon fitsari. Ta riƙe hannuna ta ce, “Baba, ku yi mini.” Na kira wata nas ta zama shaida, mai naƙudar ta dangwala, na rubuta lokacin da aka yi bayani da wanda ya yi shi, aka wuce da ita. Da mijin ya iso da safe ya yi faɗa sosai, amma da aka buɗe masa fayil aka karanta masa abin da ya gudana, sai ya sauko.

Idan kuwa ta suma, kamar mai jijjiga ko wadda jini ya ɓalle mata, ba a zaman jiran kowa. Sashe na 20 na dokar ya haramta ƙin ba da taimakon gaggawa bisa kowane dalili, kuma hukuncinsa tarar naira 100,000 ne, ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Ki sanar da likita nan take, a ceci rai, a rubuta dalili.

Ɓangaren da ya fi yi wa ma'aikaci ɗaci shi ne idan ita da kanta, cikin hayyacinta, ta ce ba ta so. A shekarar 2001 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Dokta Okonkwo, wanda kotun ladabtar da likitoci ta hukunta bayan wata majinyaciya mabiyar Shaidun Jehobah, ɗariƙar da ba ta yarda da ƙarin jini ba, ta ƙi a ƙara mata jini har ta rasu. Kotun Ƙolin ta wanke shi, ta tabbatar da cewa baligi mai hankali yana da ikon ƙin magani. Sai dai a ganina, yawancin ƙin da muke gani a nan tsoron miji ko na suruka ne, shi ya sa nake fitar da kowa daga ɗakin in sake tambayarta mu biyu. Sau da yawa amsar takan canza.

Haka kuma ki kiyaye sirrinta, wanda sashe na 26 na Dokar Lafiya ya kare. Kishiya ko maƙwabciya da ta tare ki a baranda tana tambayar me aka gani, ki ce mata ta jira mai jego ta faɗa da bakinta. Lasisinki yana hannun hukumar kula da nas-nas da ungozomomi ta ƙasa, kuma ranar da ƙorafi ya kai gare ta, fayil ɗin nan za ta fara nema, don haka ki riƙa sa kwanan wata da lokaci da cikakken sunanki a ƙarƙashin duk abin da kika rubuta.