Tambayoyinku: Tarkon GDB da Zaruruwa Masu Rige-rige

Masu tambaya a kan wayar da ke ɗaukar zafi da batirin da ba ya riƙe caji su yi mini haƙuri, sai mako mai zuwa. Saƙonni huɗu ne suka shigo daga masu rubuta manhaja, duk a kan abu guda, na ga gara in haɗa su.

Don mu fahimci juna: dibaga ita ce manhajar da ake bin shiri da ita layi-layi ana farautar kuskure. Wadda aka fi sani a duniyar Linux ita ce GDB, da Richard Stallman ya fara rubutawa a 1986. Tana da umarnin watch, wanda da shi za ka ce mata ta sa ido a kan wani wuri a cikin memori, da zarar an canza abin da ke wurin ta tsayar da shirin. Ni tarko nake kiransa, don ɗana shi ake yi a koma gefe a jira. Zare kuwa shi ne kowane layin aiki da ke gudana a cikin shiri guda a lokaci guda da 'yan'uwansa, dukkansu suna cin memori ɗaya.

Assalamu alaikum Malam. Ɗalibi ne ni daga Zariya, ina rubuta furojet da yaren C mai zaruruwa uku. Akwai wani struct, wato tarin bayanai mai filaye da yawa, da ke lalacewa ban san wa ke taɓa shi ba. Na ɗana masa watch, sai shirin ya koma tafiyar hawainiya, kuma har ya lalace GDB ba ta ce uffan ba.

Wa'alaikumussalam. Koma ka dubi layin da GDB ta buga maka a lokacin da ka ba da umarnin. Idan ta ce "Hardware watchpoint 2", farosesa ce da kanta, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ke gadin wurin. Idan kuwa "Watchpoint 2" kawai ta ce, to ga matsalarka nan, kuma na fi zaton haka ne.

Farosesar Intel da AMD tana da rajista huɗu kacal na wannan aiki, wato ƙananan ma'ajiyai a cikin farosesar, DR0 zuwa DR3, tun zamanin 80386 da ta fito a 1985. DR7 ce ke faɗin irin gadin da kowace za ta yi, DR6 kuma ta faɗi wadda ta yi kamu. Kowace rajista tana iya gadin bayit 1, 2, 4, ko 8 a injin 64-bit. Ka ga ke nan iyakarka bayit 32, shi ma sai lambar adireshin wurin ta rabu daidai da 8. Struct ɗinka in ya wuce haka, GDB ba za ta ƙi ka ba, sai dai ta koma gadi da hannu: ta tafiyar da umarni ɗaya, ta tsaya, ta duba, ta sake tafiyar da ɗaya. Shi ne nauyin da ka gani. Kuma littafin GDB da kansa ya yi gargaɗi cewa irin wannan gadin na hannu zare ɗaya kawai yake iya bi da tabbaci. Wani zaren ya lallaɓo ya yi ɓarna, ko dai ba za ta lura ba, ko ta lura a makare ta nuna maka wanda bai ji ba bai gani ba.

Kada ka ɗana wa struct ɗin gaba ɗaya. Zaɓi filin da ya fi saurin lalacewa, ka rubuta watch -l p->adadi, inda p ke nuna struct ɗin, adadi kuma sunan filin. Wannan -l ɗin yana sa ta riƙe adireshin kansa, don kada tarkon ya warware da zarar an fita daga fankishin da p yake ciki. Ka kuma tuna hbreak, umarnin tsayar da shiri a wani layi ta hanyar farosesa, shi ma daga waɗannan rajista huɗun yake ci.

Malam, barka da aiki. Ina aiki a wani ƙaramin kamfanin manhaja a Kaduna. An sa ni rubuta gwajin da zai riƙa gudana da kansa don tabbatar da watch na aiki a kayanmu. Zaruruwa huɗu, kowanne ya ƙara ɗaya a kan lamba guda sau ɗari. Ina jiran tsayawa 400. Wani lokaci 400 ɗin nake samu, wani lokaci 371, wani lokaci 388. GDB ce ke da matsala ko ni?

Malama, GDB lafiyarta ƙalau. Gwajin ne yake neman abin da ba wanda ya yi masa alkawarinsa. Bari mu bi abin a hankali, don a nan yawancin mutane ke faɗawa rami.

Ɗauka lambar tana kan 5. Zare na biyu ya rubuta 6. A x86, wato farosesar Intel da AMD, tarko yana kamawa ne bayan an gama rubutun, sai kanel, wato zuciyar Linux mai kula da gudun shirye-shirye, ta tsayar da wannan zaren ta sanar da GDB. A yanayin da GDB ke aiki idan ba a canza mata ba, sai ta tsayar da sauran zaruruwan duka kafin ta yi miki magana, kuma ɗaya bayan ɗaya take aika musu siginar tsayawa. Tsakanin kamun da isar siginar akwai 'yar tazara. A cikinta zare na uku, wanda ke gudu a wani sashen farosesar, ya karanta 6 ya rubuta 7. Shi ma tarkon ya kama shi, amma GDB ta ajiye labarinsa a gefe tukuna. Yanzu ta leƙa memori, ta ga 7, ta buga miki:

Old value = 5
New value = 7

Kin ce continue. Ta ɗauko labarin zare na uku da ta ajiye, ta leƙa memori: 7 ne, abin da ta sani ma 7 ne. Ba canji. Shi kuwa watch canji yake kai rahoto, rubutun da bai canza komai ba ba ruwansa da shi. Sai ta wuce shiru. Rubutu biyu, tsayawa ɗaya. Ga inda 29 ɗinki, tazarar 400 da 371, suka shige.

Akwai ma na biyu. Idan ƙarin da kike yi adadi++ ne tsurarsa, zaruruwa biyu na iya karanta 5 tare, kowanne ya rubuta 6. A nan lambar ma ba za ta kai 400 a ƙarshe ba, ko da dibaga ko babu.

Gyaran ya danganta da abin da kike son tabbatarwa. In so kike kowane rubutu ya ba da tsayawa ɗaya, sa rubutun a tsakanin pthread_mutex_lock da pthread_mutex_unlock, wato ɗaukar makulli da sakinsa, makullin da zare ɗaya kawai ke iya riƙewa a lokaci guda. Dabarar a nan ita ce zaren da tarko ya kama yana tsaye ne da makullin a hannunsa, bai kai ga layin sakinsa ba, don haka ba wanda zai iya taɓa lambar har GDB ta gama dubawa. A nan 400 ɗinki za su cika cif, kina da hujjar neman su. In kuwa so kike ki gwada kamu biyu a lokaci guda, wanda shi ne wurin da dibaga ta fi yin tuntuɓe, to ba kowane zare lambarsa, ki ɗana tarko a kan kowace. Sai gwajin ya duba cewa kowace lamba tana hawa ɗaya-ɗaya ba tsallake, kuma zaren da aka nuna shi ne mai ita. Wanda zai fara da wanda zai biyo baya kuwa, kada ki rubuta shi a gwaji ko kusa. Wannan hurumin mai rabon lokaci ne na kanel, yau ya ba wannan gobe ya ba wancan.

Sai kuma sleep, umarnin da ke sa zare ya dakata na 'yan daƙiƙoƙi. Na san za ki ji sha'awar sa sleep(1) don zaruruwa su jira juna, domin ni ma na yi. A wani wurin da na taɓa aiki na rubuta gwaji da shi, ya yi wata da watanni yana wucewa a laftof ɗina. Ranar da aka kai shi babbar sabar da ke gudanar da gwaje-gwaje da yawa a tare, daƙiƙa ɗayar ta daina isa, ya dinga faɗuwa jefi-jefi, kuma duk sanda na zauna in kama shi sai ya wuce lafiya. Kwana uku na yi ina zargin sabar. Abin da ya dace shi ne pthread_barrier_wait, shingen da kowa zai tsaya a bakinsa sai an cika sannan a buɗe. Ki kuma sa alarm(60) a farkon shirin gwajin, don in ya maƙale ya mutu da kansa, kada ya riƙe layi har safe.

Idan kin gama, kada ki yarda da shi don ya wuce sau ɗaya. Juya shi sau ɗari biyu. Juya shi da taskset -c 0, wato an matse shi a sashe ɗaya na farosesa, sannan ki sake shi a kan duka, sannan ki juya shi injin na fama da wani aiki mai nauyi. Gwajin hawainiya, mai canza launi da yanayi, a nan yake tona kansa. Kuma maimakon tsintar kalmomi daga abin da GDB ke bugawa, yi amfani da Python da ke cikinta tun fitowar 7.0 a 2009: gdb.Breakpoint da nau'in gdb.BP_WATCHPOINT zai ɗana tarkon, hit_count ya ba ki ƙidaya, gdb.selected_thread() ya faɗa miki wanda aka kama.

Malam, in na ɗana tarko tun kafin a ƙirƙiri zaruruwan, zai kama waɗanda aka haifa daga baya? Daga mai bibiyarka a Maraɗi.

Zai kama, amma ba a banza ba, aikin GDB ne. Waɗannan rajistocin kowane zare da nasa kwafin, kanel ke musanya su duk sanda ta sauke wani ta ɗora wani. Kafin Linux 2.6.33, da ta fito a 2010, sabon zare yana gadon rajistocin wanda ya haife shi. Daga nan aka canza, yana zuwa da su wayam. Don haka dole dibaga ta tare kowane sabon zare tun bai yi taku ɗaya ba, ta rubuta masa adireshin ta hanyar ptrace, ƙofar da kanel ke ba dibaga don ta sarrafa shiri, sannan ta sake shi. Cire tarko ma haka, sai an bi kowa an goge, in an manta ɗaya zai ci karo da SIGTRAP, siginar kamun tarko, da ba mai jiransa.

Saboda haka duk mai rubuta gwaji ya ware wa wannan gwajinsa daban: tarko kafin pthread_create, kuma rubutun ya zama abu na farko da sabon zaren zai yi. Sannan wani gwajin na ɗana tarko bayan zaruruwan sun riga sun kama gudu. Hanyoyi biyu ne mabambanta a cikin dibagar, ɗaya na iya aiki ɗaya ya karye.

In kana son ganin yadda masu GDB ke yi, sauke tushenta ka shiga gdb/testsuite/gdb.threads. Akwai watchthreads.exp da watchthreads-reorder.exp da watchpoint-fork.exp. Da DejaGnu suke gudana, wadda aka gina a kan Expect da yaren Tcl: tana buga wa GDB umarni kamar mutum, ta jira amsa, ta rubuta PASS ko FAIL a gdb.sum, cikakkiyar hirar kuma a gdb.log. Abin da ya fi burge ni shi ne akwai UNSUPPORTED, na injin da ba shi da tarkon farosesa sam, don kada a ɗora wa GDB laifin da ba nata ba. Suna da RACY_ITER na maimaita gwaji don tsamo masu canza launi, da make check-read1 da ke tilasta karanta amsar GDB bayit ɗaya-ɗaya, don a kama gwajin da ya dogara da amsa ta iso a dunƙule.

Yallaɓai, to da watch ɗin zan riƙa neman rige-rigen zaruruwa a shirina?

A'a, ba shi ne farkon abin ɗauka ba. Rige-rige shi ne zaruruwa biyu su taɓa wuri ɗaya a memori ba makulli. Tarko sai ka riga ka san wurin da ake ɓarnar, kuma tsayar da shiri da yake yi yana canza lokutan gudu, har kuskuren ya ɓuya. Fara da haɗa shirin da -fsanitize=thread, wanda manhajojin haɗa shiri GCC da Clang duka suna da shi. Zai rage gudu kamar ninki 5 zuwa 15, amma zai nuna maka layuka biyun da suka taɓa wuri ɗaya ba makulli. In kuskuren mai wuyar maimaituwa ne, ɗauko rr, da aka fara ginawa a Mozilla. Tana naɗe gudun shirin gaba ɗaya, rr record -h kuma yana hargitsa rabon lokaci da gangan don kuskuren ya fito. Da ka samu naɗin da ya faɗi, buɗe shi da rr replay, je wurin da ya mutu, ɗana watch -l a kan abin da ya lalace, ka ce reverse-continue. Shirin zai koma da baya ya tsaya a kan layin da ya yi rubutun ƙarshe, info threads kuma ya nuna maka zaren da alamar tauraro a gefensa.