Tambaya da Amsa: Me ya sa Indonesiya ba ta zama daular Musulunci ba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a fannin tarihi. An koya mana cewa babu ƙasar da ta kai Indonesiya yawan Musulmi a duniya, amma kuma tsarin mulkinta bai ginu a kan Shari'a ba. Wani abokin karatuna ya ce ai Musuluncin nasu na baki ne, shi ya sa. Gaskiya ne? Me masana suka ce?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Ban yarda da maganar abokin naki ba, amma na san inda ya samo ta.

Ƙidayar 2020 ta nuna mutanen Indonesiya sun kai miliyan 270, kuma kusan kashi 87 cikin ɗari Musulmi ne. To, batun Shari'a ba mantawa aka yi da shi ba. A watan Yunin 1945, ana shirin karɓar 'yanci, shugabanninsu sun rubuta wata yarjejeniya da ake kira Piagam Jakarta. A cikinta akwai kalmomi bakwai da suka wajabta wa Musulmi bin Shari'a. Sukarno da Mohammad Hatta, waɗanda suka zama shugaban ƙasa na farko da mataimakinsa, suka shelanta 'yanci ranar 17 ga Agusta. A yammacin ranar nan, kamar yadda Hatta ya ba da labari da kansa, wani hafsan sojan ruwan Japan, wadda ta mamaye ƙasar a Yaƙin Duniya na Biyu, ya kawo masa saƙo cewa Kiristocin gabashin ƙasar ba za su shiga tarayyar ba muddin kalmomin nan na nan. Da gari ya waye, kafin a zauna taro, Hatta ya keɓe da wasu jagororin Musulmi, ciki har da Ki Bagus Hadikusumo, shugaban ƙungiyar Muhammadiyah. Aka soke kalmomin bakwai, aka sa "imani da Ubangiji Makaɗaici", wanda shi ne rukuni na farko cikin rukunai biyar na aƙidar ƙasar, Pancasila.

Duk lokacin da na zo wannan gaɓa a aji, sai na ɗan tsaya. Ki Bagus mutum ne da ya ƙare rayuwarsa yana hidimar addini, aka ce masa ya zaɓa: ko kalmomin da ya yi fafutuka a kansu, ko ƙasar da kwananta ɗaya a duniya ta tsaya da ƙafarta, ga Turawan Holan da suka yi mata mulkin mallaka na shirin dawowa. Ya haƙura. Ban ga raunin imani a nan ba.

Ba kowa ya haƙura ba kuwa. Kartosuwiryo ya ɗauki makami a yammacin tsibirin Java da sunan Darul Islam tun 1949, ba a kama shi ba sai 1962. A zaɓen 1955 jam'iyyun Musulunci, musamman Masyumi da Nahdlatul Ulama, sun samu ƙasa da rabin ƙuri'u. Majalisar tsara kundin mulki ta yi ta ja-in-ja kan tushen ƙasa, har Sukarno ya rushe ta a Yulin 1959.

Maganar abokin naki daga Clifford Geertz ta samo asali, ko ya sani ko bai sani ba. Masanin al'adu ne Ba'amurke da ya zauna a garin Pare na gabashin Java, ya fitar da littafi kan addinin mutanen Java a 1960. Ya kasa su uku: santri masu riƙo da salla da karatun addini, abangan da ke haɗa Musulunci da al'adun kaka da kakanni, sai priyayi, jinin sarauta da ma'aikatan mulki. Rabe-raben ya yi tasiri ƙwarai, ni ma da shi na fara fahimtar ƙasar. Amma masanin Indonesiya Harsja Bachtiar ya nuna cewa priyayi matsayi ne a cikin al'umma, ba nau'in addini ba. Ɗan sarauta kan iya zama santri. Wasu kuma suka ce Geertz ya auna Musulunci da ma'aunin masu neman gyara kawai, sai ya ɗauki abubuwan da tushensu sufanci ne ya jingina su ga addinin Hindu. Daga baya ma M.C. Ricklefs ya bi tarihin Java ya nuna yadda riƙo da addini ya yi ta ƙaruwa, abangan na raguwa. Ki lura, addini ya ƙara ƙarfi, amma ƙuri'ar masu neman daular Musulunci ba ta ƙaru ba. Da maganar abokin naki gaskiya ce, da akasin haka za a gani.

Ni a ganina amsar tana hannun malaman ƙasar. Ahmad Dahlan ya kafa Muhammadiyah a Yogyakarta a 1912, ta duƙufa kan makarantu da asibitoci. Hasyim Asy'ari da 'yan'uwansa malamai suka kafa Nahdlatul Ulama a Surabaya a 1926, ƙarfinta na makarantun kwana da ake kira pesantren. A tarukanta na Situbondo a 1983 da 1984, Nahdlatul Ulama ta karɓi Pancasila, tana cewa rukunin farko ya dace da tauhidi. Gaskiya ne shugaban ƙasa Suharto ya matsa lamba a lokacin. Amma bayan faɗuwarsa a 1998, da aka sake kawo batun kalmomin bakwai gaban majalisa a 2002, babu mai tilasta kowa, shugabannin ƙungiyoyin biyu suka ce ba sa so. Irin wannan ne Robert Hefner ya nazarta a littafinsa na 2000 kan Musulmi da dimokuraɗiyya a ƙasar.

Kada ki ɗauka tarihi ne mai tsabta. A kashe-kashen 1965 da 1966, inda masana ke ƙiyasin an hallaka mutum kusan rabin miliyan bisa zargin kwaminisanci, matasan Nahdlatul Ulama sun sa hannu tare da soja. Abdurrahman Wahid, jikan Hasyim Asy'ari, ya nemi gafara kan haka a 2000 yana shugaban ƙasa. Lardin Aceh kuma yana aiki da Shari'a ƙarƙashin 'yancin cin gashin kai na musamman. A 2017 an ɗaure gwamnan Jakarta, Kirista ɗan asalin Sin da ake kira Ahok, shekara biyu kan ɓatanci ga addini bayan manyan zanga-zanga. Martin van Bruinessen na cikin masu ganin ra'ayin mazan jiya na ƙara ƙarfi a ƙasar. In za ki yi rubutun kammala digiri a kan wannan, ki haɗa shi da Hefner ki karanta, domin inda suka sha bamban nan aikinki yake.