Tambayi Likita: Ciwon zuciya a ƙasar da babu ɗan aike

Wasiƙun wannan makon daga 'yan'uwanmu mazauna ƙetare suka fito, kuma kusan damuwarsu ɗaya ce: zuciya ta raunana, ga cefane, ga bene, ga sanyi ko zafi, kuma babu yaron da za a aika.

Tambaya: Likita, shekarata 61, ina zaune wajen ɗana a Bamingam ta Ingila. An ce ina da raunin zuciya, an ɗora ni kan ƙwayar fitar da ruwa, furosemide. Duk ranar da zan fita ba na sha, don fitsari yana matsa mini a bas. Shi da matarsa tun safe suke fita aiki, gidanmu kuma a bene yake, babu lif. Kwanan nan ƙafafuna sun fara kumburi.

Amsa: Sannu Hajiya, Allah Ya sa kaffara ne. Kumburin nan yana nuna ruwa ya fara taruwa, kuma tsallake maganin na iya zama sila. Na fahimci kunyar, amma akwai mafita. Ƙwayar takan fara aiki cikin awa guda, ƙarfinta kuma yakan lafa bayan kamar awa 6. To ranar fita, ki fita da sassafe, ki sha da zarar kin dawo, kawai kada ki kai yamma don kada ta hana ki barci. Ki gaya wa nas ɗin da ke kula da zuciyarki wannan tsari, ita za ta tsayar miki da lokacin.

Ki sa ɗanki ya sayo sikeli. Kowace safiya bayan kin kama ruwa, kafin karin kumallo, ki hau ki rubuta. Idan nauyinki ya ƙaru da fiye da kilo 2 cikin kwana 3, ruwa ne, ki kira asibiti a ranar. Haka idan kin ga sai kin ƙara matashin kai kafin ki iya kwanciya, ko haki na tashinki cikin dare. Idan kuwa numfashi ya gagara kina zaune, 999 za ki buga nan take.

Batun cefane, buhun shinkafa da jarkar mai aikin ɗanki ne ranar hutunsa, ko a yi oda a kawo har ƙofa. Ke ki riƙa jan jakar nan mai taya, da kaya kaɗan. A bene ki tsaya a tsakiya ki huta, hannu a kan ƙarfen riƙewa na gefen matakala. In kina tafiya kina iya magana, lafiya lau. In magana ta fara yankewa, ki dakata. Idan tafiya na ba ki wuya sosai, ɗanki ya nema miki Blue Badge, wato katin izinin ajiye mota na masu lalurar tafiya, a ƙaramar hukumarku, don a riƙa ajiye mota kusa da ƙofar kanti. Abin da ba na so shi ne ki daina fita gaba ɗaya. Zaman ɗaki yana ƙara kashe jiki, ga kaɗaici, kuma na ga yadda yake karya tsofaffinmu a can.

Tambaya: Ina Winifeg a Kanada. Wata biyar ke nan da aka sa mini ƙarfe a jijiyar zuciya. Da sanyi ya shigo, in na fita zuwa tashar bas ko na kwashe ƙanƙara a ƙofar gida sai in ji ƙirjina ya ɗaure.

Amsa: Malam, ka ajiye shebur ɗin nan daga yau. Sanyi yana matse jijiyoyin jini, jini ya hau, zuciya ta ƙara aiki, sannan ka haɗa mata da ɗaga ƙanƙara mai nauyi kana riƙe numfashi. Ka biya wani ya kwashe, ko ka roƙi maƙwabci. Kuma ɗaurewar ƙirji bayan sa ƙarfe ba abin jira ba ne, ka ga likitanka cikin makon nan.

Kafin nan, ka rufe hanci da baki da mayafi in za ka fita, ka fara tafiya a hankali, kada ka fita kai tsaye bayan ka ƙoshi. Motsa jikinka ka yi shi a cikin manyan kantuna masu ɗumi. Maganin ciwon ƙirjin nan da ake fesawa a ƙarƙashin harshe ya zauna a aljihunka. In ciwon ya zo, ka zauna ka fesa. In minti 5 ya wuce bai sake ka ba, ka kira 911, kada ka tuƙa kanka. Asfirin da abokinsa mai hana jini daskarewa kuwa, ko kwana ɗaya kada ka tsallake sai da izinin likitan zuciya, domin ƙarfen na iya toshewa.

Sai wata magana da maza ba sa son tambaya. Maganin ƙarfin maza irin su Viagra ba ya haɗuwa da wannan feshi, jini na iya faɗuwa ƙasa warwas. Har da haɗe-haɗen da ake aikowa daga gida, don ana samun waɗanda aka cakuɗa da wannan sinadari ba a faɗa ba.

Tambaya: Ni a Jidda nake. An canza mini bawul na zuciya, na ƙarfe, ina shan warfarin. 'Yan'uwa na aiko mini da zogale da kuka da kanwa. Wata ta ce duk in daina ci.

Amsa: 'Yar'uwa, ba sai kin bar miyarki ba. Ganyaye irin zogale da alayyahu suna da sinadarin bitamin K, wanda ke rage ƙarfin warfarin, maganin da ke hana jininki daskarewa. Matsalar tana zuwa ne idan kin yi wata ba ki ci ba, sai tsaraba ta iso ki shafe mako kina kwaɗon zogale. Ki riƙa ci daidai gwargwado a kai a kai, ki gaya wa masu gwajin INR, wato gwajin da ke auna saurin daskarewar jini, abin da kike ci, kada kuma ki saɓa ranar gwajin.

Kanwa ce zan ce ki rage ƙwarai, ita da dunƙulen miya, don gishiri ne ke cikinsu. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da wankan jego da raunin zuciyar masu jego. Hukumar Lafiya ta Duniya na son babba ya tsaya ƙasa da giram 5 na gishiri a rana, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Daddawa da albasa da tattasai za su riƙe miki ɗanɗano.

In ciwon jiki ya dame ki, farasitamol za ki sha. Ibuprofen da diclofenac na iya jawo zubar jini. Baƙin bayan gida, jini a fitsari, ko haɓon da ya ƙi tsayawa, asibiti kai tsaye, lambar motar asibiti kuma 997 ce. Kasuwa ki bari sai bayan magariba, da gorar ruwa a hannu.

Tambaya: Direban tasi ne ni a Landan, na samu bugun zuciya mako biyu da suka wuce. Yaushe zan koma aiki? Iyali a gida na jiran aike.

Amsa: Allah Ya ƙara sauƙi, ɗan'uwa. Mai motar kansa kan jira mako 1 kafin ya koma tuƙi idan an buɗe jijiyar da ta toshe cikin nasara, in ba haka ba mako 4. Amma ku masu ɗaukar fasinja ana auna ku da ma'aunin direbobin bas: aƙalla mako 6, sannan gwaji. Ka sanar da hukumar da ta ba ka lasisin tasi da kamfanin inshorarka, domin ɓoyewa na iya cinye lasisin. Asibiti zai gayyace ka shirin farfaɗo da masu ciwon zuciya, ka je kada ka ƙi. Mutanen gida kuma ka buga musu waya ka faɗa musu gaskiya, aiken watan nan da na gobe zai yi jinkiri.