Yaro muka kai asibiti, me ya sa likita ke neman mu duka?

Tambaya: Ɗana na fari, mai shekara 7, ya addabi gida da makaranta da faɗa da rashin ji. Mun kai shi asibiti, sai wani matashin likita ya ce in dawo da babansa da kakarsa, wai babban likita zai zauna ya kalli zaman. Tarbiyyata ake tuhuma ke nan?

Amsa: Hajiya, kwantar da hankalinki. Matashin nan yana cikin horon ƙwarewa a fannin lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma zama da iyali na cikin darasinsa. Babban likitan idonsa na kan ɗalibin: yadda yake tambaya, wa ya bari ya yi magana, wa ya manta da shi. Wani likitan ƙwaƙwalwa, Salvador Minuchin, ya yi suna da irin wannan koyarwa a Filadelfiya ta Amurka, inda malami ke kallo ta bayan gilashi.

Likita zai ga ɗanki minti 30, sauran watan yana hannunku. Tun shekarun 1960 Gerald Patterson, masanin halayyar ɗan Adam na jihar Oregon, ya bayyana yadda rigimar gida ke ciyar da kanta. Kin ce a ajiye waya, yaro ya hau birgima, kin gaji kin miƙa masa. Ya gane birgima na biya, gobe sai ya ƙara mata ƙarfi. Horon da likita ke ba iyaye shi ne na warware wannan: umarni ɗaya a fili, hukunci kaɗan maras duka da ba ya canzawa, da yabo nan take idan ya yi daidai.

Yabon nan ne ke ba ɗalibaina likitoci wuya. Littattafan da suke karantawa ba su san kunyar ɗan fari ba. Uwar da ko sunan yaron ba ta faɗa, ta yaya za ka ce ta yabe shi a gaban surukarta? Sai ɗalibi ya nemi wata hanya: shafa kai, ko ƙarin tsokar nama a kwano. Ga kuma kaka. Kin hana, ta ce "ku bar min mijina", doka ta rushe. Shi ya sa muke so ta ji tsarin da kunnenta, ta sa albarka.

Idan bincike ya nuna yaron na da larurar rashin natsuwa, ana iya haɗawa da magani. Ki je da su, kuma in aka nemi ɗaukar zaman a bidiyo, kina da ikon cewa a'a.