CCD ko PMT wajen auna hasken luminol?

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da ya sa ake son CCD, wato na'urar ɗaukar haske irin ta cikin kyamarar dijital, wajen auna hasken da sinadarai ke fitarwa idan sun haɗu. Hasken ne ba ya jira. Sinadaran luminol da haidurojin feroksaid suna ba da shuɗin haske mai tsawon zango wajen nanomita 425, nan da nan ya dushe, ga famfon na'urar awon na ta turo wani samfurin. Kafin na'urar da ke bin launuka ɗaya-ɗaya ta gama, an wuce wurin. CCD kuwa gaba ɗaya take kwashe su.

Sai dai a zafin Kaduna na Afrilu dole ka sanyaya ta, in ba haka ba hayaniyar lantarki ta danne rarraunan haske. Idan ɓurɓushin ƙarfe kawai kake nema a ruwan Kogin Kaduna ta hanyar hasken luminol, ni dai PMT zan ɗauka, wato bututun da ke mai da ɗan ƙaramin haske siginar lantarki mai ƙarfi.