Alhaki Kwikwiyo Ne: Wa Yake Bi, Uba Ko Ɗa?

Tambaya: Muna cewa "alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi." Amma a littafin Fitowa 20:5 Allah ya ce yana hukunta 'ya'ya saboda laifin iyaye har tsara ta uku da ta huɗu. Ashe karin maganar ta saɓa wa Littafi Mai Tsarki?

Amsa: A fara da kalmar. Alhaki daga Larabci take, tushensu ɗaya da hakki. Laifi kan zama karya doka ko saɓa wa mutum, zunubi kuwa tsakanin mutum ne da Allah. Alhaki shi ne nauyin da ke hawa wuyanka idan ka cuci wani, shi ya sa ake cewa "ya ɗauki alhakin marayu." Kwikwiyo ko cikin kasuwa ya san ƙafar ubangidansa, ba ya bin maƙwabci.

Isra'ilawa ma suna da tasu karin maganar, amma akasin tamu: iyaye sun ci 'ya'yan inabi masu tsami, haƙoran 'ya'ya suka mutu. Wanda ya taɓa tsotsar ɗanyar tsamiya ya san wannan mutuwar haƙori, ya kuma san bakin da ya sha ne ke jin ta. Maganar ta yawaita bayan Nebukadnezzar, sarkin Babila, ya kwashe mutanen Yahuza zuwa Babila a shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu, suna nufin kakanni ne suka ja musu. Irmiya 31:29-30 da Ezekiyel 18 duk sun soke ta.

Ezekiyel bai tsaya ga hani ba, sai da ya jera tsara uku. Ga adali, ba ya zalunci, yana mayar da jingina, yana ciyar da mayunwaci: zai rayu. Ya haifi ɗan fashi mai cin riba da zub da jini: kirkin uban ba zai fisshe shi ba. Ɗan fashin kuma ya haifi ɗa da ya ga aikin ubansa ya ƙi bi: ba zai mutu saboda uban ba. Aya ta 20 ta yanke magana, wanda ya yi zunubi shi zai mutu. Daga aya ta 21 zuwa 24 har an ƙara cewa mugun da ya tuba zai rayu, adalin da ya juya baya kuwa tsohon kirkinsa ba zai cece shi ba.

To, Fitowa fa? Ayar ta ƙare da "waɗanda suke ƙina," wato zuriyar da ta ɗore a kan tafarkin iyaye. Sannan a raba alhaki da illa. Uban da ya sayar da gonar gado ya shanye kuɗin, 'ya'yansa za su sha talauci, wannan illa ce. Alhakin yana wuyansa shi kaɗai. Dokar Musa ma ta hana kashe ɗa saboda uba, kuma 2 Sarakuna 14:6 ta nuna sarki Amaziya ya bi ta: ya kashe waɗanda suka kashe ubansa, ya bar 'ya'yansu. A ganina karin maganarmu ta yi daidai.

Tambaya: "Abin da mutum ya shuka shi zai girba" na nufin duk mai shan wahala hakkin wani ne ke bin sa?

Amsa: A'a. Maganar tana Galatiyawa 6:7, kuma daga shuka take tafiya zuwa girbi. Kuskuren jama'a shi ne juya ta, su ga cuta ko rashin haihuwa su ce ai hakki ne. Haka abokan Ayuba uku suka yi, Allah kuwa ya tsawata musu. A Yohanna 9 almajirai sun tambayi Yesu game da wanda aka haifa makaho, ko shi ne ya yi zunubi ko iyayensa. Ya ce ba shi ba ne, ba kuma iyayensa ba.