Wai gilashi ma yana shiga damuwa?

Wani ɗalibin injiniya ya turo min tambaya, ya ce a darasinsu na auna sitires a jikin gilashi da roba ta hanyar haske ya ga an fassara sitires da "damuwa", wai ko daidai ne?

A'a ɗana, ba daidai bane sam. Damuwa ta mai zuciya ce, daga dama take, kamar yadda ake dama fura, wato hankalin mutum ne aka dagula. Abin da ke cikin gilashi kuwa matsi ne da ja, wani wuri ana danne shi wani wurin ana ɗame shi kamar fatar ganga, shi yasa ni kam na fi son a ce "matsi da ja" tare, don matsi kaɗai rabin zancen ne.

Kuma kar ka ce gilashi shara-shara ne, wannan na yadi ne mara kauri. Ka ce garai-garai, kamar ruwan da ya kwanta.

Toh ga inda abin yake burge ni. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma wallahi haka David Brewster, mutumin Sikotlan, ya gano a 1816, cewa in aka matsa gilashi hasken da ya ratsa shi rabuwa yake biyu, ɗaya na riga ɗaya gudu, kuma iya bambancin matsin iya tazarar da ke tsakaninsu. Ido kawai ba zai gani ba sai an sa abin tsakanin matatan haske guda biyu da aka gicciya, nan take sai layuka masu launi su fito kamar bakan gizo, inda suka cunkushe, galibi bakin huda ko lungu, nan matsin ya taru kuma nan ake tsoron tsagewa. Kamfanonin kwalba ma da haka suke duba ko kwalba ta huce daidai bayan wuta.

Gwada da kanka a gida. Buɗe farin shafi a laptop, ka sa baƙin tabarau irin mai kashe ƙyalli, ka riƙe rular roba garai-garai ta 'yan makaranta a gaban sikirin kana karkata kai a hankali, sikirin da tabaran su ne matatan hasken nan guda biyu. Ka duba gefen hudar nan da ake ratayewa, za ka ga ja da kore da shuɗi sun zagaye ta, sannan ka ɗan lanƙwasa rular ka ga yadda launukan ke tafiya ƙarƙashin yatsanka.